Sharhi kan na'urar auna hawan jini ta gida mai ɗamarar damtse

Cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun fi kowace cuta kashe mutane a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 sun yi ajalin mutum miliyan 17.9, wato kashi 32 cikin 100 na duk mace-macen shekarar, kuma kashi 85 cikin 100 na wannan adadi bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya, da shanyewar ɓarin jiki ne suka jawo shi. A cikin abubuwan da ke kai mutum ga waɗannan cututtuka biyu, hawan jini na sahun gaba, ga shi kuma ba kasafai yake nuna alama ba sai ya riga ya yi ɓarna a zuciya ko ƙoda ko ƙwaƙwalwa. Rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ya nuna cewa masu hawan jini sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma mutum ɗaya ne kawai cikin biyar jininsa ya sauka zuwa inda ake so. Cutar da ba a ganinta sai an auna, dole ma'auninta ya zama abin dubawa da kyau, shi ya sa na ga ya dace in yi sharhi a kan na'urar auna hawan jini ta gida wadda na daɗe ina amfani da ita tare da iyalina.

Na'urar irin wadda ake ɗaurawa a damtse ce, mai aiki da kanta. Abin da ke cikin kwalinta bai da yawa: akwatin na'urar mai faffaɗan allo da babban maɓalli guda na farawa da tsayawa, ɗamara mai bututun roba da ake sokawa a gefe, batura huɗu, jakar ajiya, da littafin bayani. Ɗamarar an rubuta a jikinta cewa ta dace da damtsen da kewayensa ya kama daga santimita 22 zuwa 42. Tana da ma'ajiyar awo ta mutum biyu, tana nuna alama idan bugawar zuciya ba ta tafiya daidai, tana kuma iya aika lambobin zuwa manhajar waya ta Bluetooth. Ban ambaci sunan kamfanin ba domin kamfanoni da yawa na yin irinta da siffofi kusan iri ɗaya, kuma abin da zan faɗa ya shafi duk mai niyyar sayen ɗaya daga cikinsu. Aikin hannu dai ba laifi, robar jikinta mai kauri ce, lambobin manya ne har tsoho mai raunin gani zai karanta ba tare da tabarau ba, kuma daga latsa maɓalli zuwa fitowar sakamako bai kai minti guda ba.

Yana da kyau mai saye ya san abin da ke faruwa a cikin wannan mintin, domin daga nan ne duk ƙarfin na'urar da rauninta suka samo asali. Likitan Italiya Scipione Riva-Rocci ne ya fito da ɗamarar damtse mai hura iska a 1896, sannan a 1905 likitan Rasha Nikolai Korotkoff ya gano cewa idan aka saurari jijiyar gwiwar hannu yayin da ake sassauta ɗamarar, sautin farko da aka ji shi ne lambar sama, inda sautin ya ɓace kuma ita ce lambar ƙasa. Lambar sama tana nuna ƙarfin da jini ke danna bangon jijiya lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Tsohon ma'auni na asibiti yana amfani da zaiba a cikin gilashi, shi ya sa har yau ake rubuta mmHg a gefen lambobin, ko da yake ana ta janye kayan zaiba daga asibitoci tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013 saboda gubar da ke cikinta. Na'urar gida ba ta sauraron komai. Ƙaramin famfo ne ke hura ɗamarar har jini ya tsaya, sannan yayin da iskar ke fita a hankali, na'urar ta riƙa jin 'yan ƙananan girgiza da bugun jijiya ke yi wa iskar. Daga inda girgizar ta fi ƙarfi take lissafa lambobin biyu da wata dabarar lissafi wadda kowane kamfani ke riƙe da tasa a matsayin sirrin sana'a. Ma'anar wannan ita ce lambar da ke bayyana a allo ƙiyasi ce da aka gina a kan motsin iska a cikin ɗamara, saboda haka duk abin da ya taɓa ɗamarar, ko girmanta ne, ko yadda aka ɗaura ta, ko motsin hannu, ko magana, ya taɓa sakamakon.

A ganina ɗamarar ita ce ainihin kayan da mutum ke saya, akwatin mai allo biye yake. Masu saye kan tsaya duba yawan ma'ajiya da kyawun allo, su manta da auna damtsensu, alhali nan ne kuskure mafi girma yake shigowa. Wani bincike da aka yi a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, wanda aka buga a 2023, ya gwada mutane da ɗamarar da ta dace da su da kuma ɗamara matsakaiciya guda ɗaya. Waɗanda damtsensu ke buƙatar ɗamara mafi girma, da aka auna su da matsakaiciya, lambar samansu ta ƙaru da kusan maki 20 a kan gaskiya, masu siririn damtse kuwa ta ragu da kusan maki 4. Maki 20 ba abin wasa ba ne, domin ya isa ya mai da mai lafiya majinyaci, ko ya sa likita ya ƙara wa mutum maganin da ba ya buƙata har jiri ya riƙa ɗibarsa in ya miƙe tsaye. Kuskuren ɗaya ɓangaren kuwa, ko da yake ƙarami ne, yana iya kwantar wa mai hawan jini hankali a banza. Maganin wannan tef ɗin tela ne kawai: a auna kewayen damtse a tsakiya, tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, a duba ko adadin ya faɗa cikin abin da aka rubuta a ɗamarar tun kafin a biya kuɗi.

Ɗamarar da ta zo da na'urata mai faɗin zango ce, kuma ta yi wa yawancin mutanen gidanmu daidai. Tana da zoben ƙarfe da ake zura bakinta a ciki, wanda ke sa mutum ya iya ɗaura wa kansa da hannu ɗaya, akwai kuma kibiya da ke nuna inda ya kamata ta hau kan jijiya. Amma ta gaza a wurin ƙanin mahaifina, mutum mai jiki wanda damtsensa ke da faɗi a sama ya tsuke wajen gwiwar hannu. Da aka ɗaura masa, bakin ɗamarar da ƙyar ya kama, famfon ya yi ta gurnani yana hurawa, manne ya fara ɓarkewa da ƙara, sai allon ya nuna alamar kuskure maimakon lamba. Ya dube ni ya ce ashe ma na'urar tsoron hannunsa take yi. Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, ɗamarar ce ta yi muku kaɗan, ba jininku ba ne ya fi ƙarfinta." Sai da aka nemo babbar ɗamara ta wannan samfurin kafin aka samu awo mai ma'ana. A nan akwai abin lura, domin ba a haɗa ɗamarar wani kamfani da akwatin wani ko da bakin bututun ya shiga, tunda lissafin da ke cikin akwatin an gina shi ne a kan ɗamararsa. Ina ganin rashin kyautawa ne a ce ba a rubuta wannan gargaɗi da manyan baƙaƙe a bayan kwali ba, sai a can tsakiyar littafin bayani inda ba kowa ke kaiwa ba.

Bayan ɗamara sai zama. Ka'idar da ƙungiyoyin likitocin zuciya suka yi ittifaƙi a kai ita ce mutum ya guji taba da abin sha mai sa wartsakewa irin kofi da motsa jiki na tsawon minti 30 kafin awo, ya yi fitsari idan yana ji, ya zauna shiru na minti biyar a kujera mai majingina, tafin ƙafafunsa a ƙasa ba tare da ya harɗe su ba, ya ɗora hannunsa a kan tebur yadda tsakiyar ɗamarar zai yi daidai da zuciya, ɗamarar a kan fata ba a kan riga ba, kuma bakinta na ƙasa ya tsaya kamar faɗin yatsu biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu. Wanda bai gwada ba zai ɗauka wannan tsanani ne irin na likitoci, amma an auna tasirinsa. Masu binciken Johns Hopkins ɗin sun sake buga wani sakamako a 2024 wanda ya nuna cewa ajiye hannu a kan cinya yana ƙara lambar sama da kusan maki 4, barinsa yana reto a gefe kuma yana ƙara ta da fiye da maki 6. Idan aka haɗa wannan da magana lokacin awo da cikar mafitsara da ƙaramar ɗamara, sai a ga mutum ya tara wa kansa hawan jinin da ba shi da shi. Na'urar tana da alamar da ke fitowa idan an yi motsi da wata da ke nuna ko ɗamarar ta ɗauru da kyau, kuma duka biyun suna aiki, sai dai ba ta da hanyar sanin ko mutum ya huta, ko ya jingina, ko hannunsa na inda ya dace.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci kafin saye ita ce ko an tantance sahihancin samfurin a gwaji mai zaman kansa. Akwai ma'auni na duniya da aka amince da shi a 2018, mai lamba ISO 81060-2, wanda ya tanadi a gwada na'ura a kan aƙalla mutum 85 masu bambancin damtse da bambancin hawan jini, a kwatanta da awon ƙwararru biyu, kuma matsakaicin bambancin kada ya wuce maki 5. Abin mamaki shi ne yawancin na'urorin da ke kasuwa ba su bi ta wannan gwaji ba, tunda a wurare da dama doka ba ta tilasta shi kafin a fara sayarwa. Wani bincike da aka buga a 2020 kan na'urorin da ake sayarwa ta intanet a Ostireliya ya gano cewa ƙasa da ɗaya cikin biyar na masu ɗamarar damtse ne aka tantance, na wuyan hannu ba su kai ɗaya cikin goma ba, su kuwa masu kama da agogo ko ɗaya ba a samu ba. Tambarin da ke nuna cewa kaya ba su da haɗarin lantarki ba shaidar sahihancin awo ba ne, haka ma kalmomin talla da ke cewa likitoci sun yarda da ita. Ana iya duba lambar samfurin a jerin na'urorin da aka tantance na shafin intanet na STRIDE BP, ko jerin ƙungiyar hawan jini ta Birtaniya da Ayalan, ko wanda ƙungiyar likitocin Amurka ke kula da shi. Kamfanoni irin su Omron da Microlife da A&D da Beurer suna da samfura a waɗannan jeri, amma sunan kamfani kaɗai bai isa ba, lambar samfurin ake dubawa harafi da harafi. Tawa tana cikin jerin, kuma da na kai ta asibiti aka kwatanta da awon ma'aikaciyar jinya a zama ɗaya, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Amfanin awon gida na farko shi ne yana gyara hoton da awon asibiti ke bayarwa. Akwai mutanen da jininsu ke hawa da zarar sun zauna gaban likita saboda fargaba, amma a gida lafiya lau yake. Akwai kuma akasin haka, waɗanda a asibiti awonsu ke fitowa daidai alhali a rayuwarsu ta yau da kullum jinin a sama yake, kuma waɗannan su ne abin tsoro domin suna tafiya da haɗarin ba tare da kowa ya sani ba. Saboda mutum ya fi natsuwa a gidansa, iyakar da ake amfani da ita a Turai da Birtaniya ita ce 135/85 a awon gida, maimakon 140/90 na asibiti, Amurka kuwa tun 2017 ta sauko da iyakarta zuwa 130/80. Awo guda ɗaya ba ya yanke hukunci, tunda jini na hawa da sauka tsawon yini gwargwadon aiki da barci da ɓacin rai. Abin da likitoci ke so shi ne awo biyu da safe kafin shan magani da kafin karin kumallo, biyu da yamma, da tazarar minti ɗaya tsakaninsu, har kwana bakwai, sannan a jefar da na ranar farko a fitar da matsakaicin sauran. A karon farko ana auna hannu biyu, daga nan a riƙa amfani da wanda lambarsa ta fi yawa, idan kuma bambancin hannuwan yana da girma kuma ya ƙi gushewa, wannan ma abin gaya wa likita ne.

A nan ne na samu aibin da ya fi damuna a wannan na'ura. A gefen allonta akwai tsani mai launi, kore da rawaya da ja, wanda ke nuna matsayin awo, amma an tsara shi ne bisa iyakar asibiti ta 140/90. Mutumin da matsakaicin awonsa na gida ya tsaya a 138/87 zai ga alamar ba ta shiga ja ba, ya ɗauka yana da sauran tazara, alhali bisa ka'idar awon gida ya riga ya tsallaka. Na'urar da aka yi domin gida bai kamata ta yi hukunci da ma'aunin asibiti ba, kuma shawarata ita ce a yi watsi da launukan a riƙe lambobin. Maɓallin matsakaici ma haka yake, yana haɗa awo uku na ƙarshe ne kawai, ba ya fitar da matsakaicin mako irin wanda likita ke buƙata. Ga kuma maɓallin sauya mai amfani, ƙarami ne a gefe, da sauƙi a manta da shi, sai awon miji ya shige ma'ajiyar mata, lissafin duka biyun ya lalace. Idan aka cire batura, kwanan wata da lokaci kan goge, kuma sake saita su na buƙatar latse-latsen da tsoho ba zai yi shi kaɗai ba. Manhajar wayar tana zana jadawali mai kyau, sai dai tana neman a buɗe asusu a ba da bayanan kai kafin ta fara aiki, haɗin Bluetooth ɗin kuma yakan yanke. A ƙarshe littafin rubutu da biro sun fi mini ita amfani, kuma na lura likita ya fi saurin karanta shafi guda mai kwanan wata da lambobi a jere fiye da latsa wayar wani.

Alamar rashin daidaiton bugawar zuciya kuwa na yaba da ita, amma da sharaɗi. Akwai wata matsala da ɗakunan saman zuciya ke karkarwa maimakon su matse da tsari, wadda ta fi yawa a tsofaffi, tana sa jini ya daskare a cikin zuciya, kuma tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Mutane da yawa na da ita ba su sani ba, kuma akwai magungunan hana daskarewar jini da ke rage haɗarin sosai idan an gano ta. Alamar da ke allon ba ta tabbatar da wannan cuta, domin motsi ko tari ko bugawa guda da ta yi tsalle na iya kunna ta. Idan ta fito sau ɗaya ba abin tashin hankali ba ne, idan kuwa ta riƙa fitowa a kai a kai, sai a je a yi gwajin lantarkin zuciya a asibiti, wanda shi ne ke raba gardama. Ya kamata kuma a sani cewa ga wanda bugawar zuciyarsa ba ta da tsari, awon na'urori masu aiki da kansu kan rage sahihanci, saboda haka ana so ya maimaita awon sau uku a kowane zama.

To, shin mallakar wannan na'ura na rage mutuwa daga bugun zuciya? Cewa sauke hawan jini na ceton rai, wannan babu sauran jayayya a kansa, ko da yake an daɗe kafin a yarda. Lokacin da shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu a watan Afrilun 1945 sakamakon fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa, likitoci da yawa na ɗaukar hawan jini a matsayin abin da ke zuwa da shekaru wanda bai kamata a taɓa ba, ga shi kuma babu magani mai inganci a lokacin. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948 da mutum 5,209, na cikin abin da ya tabbatar da cewa hawan jini da taba da yawan kitse a jini su ne ke share wa ciwon zuciya hanya. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2016, wanda ya tattara gwaje-gwaje fiye da 100, ya nuna cewa duk maki 10 da aka sauke a lambar sama na rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 27 cikin 100, gazawar zuciya da kashi 28, cutar jijiyoyin zuciya da kashi 17, mutuwa gaba ɗaya kuma da kashi 13. Gwajin SPRINT na 2015, mai mutum 9,361 masu haɗarin ciwon zuciya, ya gano cewa waɗanda aka yi ƙoƙarin sauke lambar samansu ƙasa da 120 sun samu raguwar manyan matsalolin zuciya da kashi 25 idan aka kwatanta da waɗanda aka tsaya a ƙasa da 140.

Sai dai duk waɗannan nasarori na magani ne da sauya halin rayuwa, ba na ma'auni ba. Da masana suka tattara gwaje-gwajen awon gida a wani nazari na 2017, sun ga cewa awon shi kaɗai, ba tare da wani mataki ba, ya sauke lambar sama da kusan maki ɗaya ne kacal, wanda bai da wani tasiri, amma inda aka haɗa shi da kulawar likita ko ma'aikacin lafiya mai gyara magani da ba da shawara, saukar ta kai kusan maki 6. Gwajin TASMINH4 da aka yi a Ingila, wanda aka buga a 2018, ya nuna irin wannan: da likitoci suka riƙa daidaita magani bisa awon da majinyata ke yi a gida, bayan shekara guda jininsu ya fi na waɗanda aka dogara da awon asibiti sauka da maki 3 zuwa 5. Na'urar tamkar madubi take, tana nuna wa mutum halin da yake ciki amma ba ta wanke masa fuska. Wanda ya saya yana aunawa kullum, yana ganin 160/100, yana ajiye ta a jaka ba tare da ya je asibiti ba, ya sayi damuwa ne kawai. Wanda kuwa ya kai lambobinsa ga likita, aka ɗora shi a kan magani irin amlodipine ko losartan ko mai sa fitsari, ya riƙa sha kullum ko da yana jin garau, ya rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, ya bar taba, ya samu minti 150 na motsa jiki a mako, shi ne zai ci moriyarta, domin zai ga da idonsa lambar na sauka, kuma wannan gani yana ƙarfafa gwiwar ci gaba da shan magani.

Akwai haɗari biyu da na gani a tattare da ajiye ta a gida. Na farko shi ne mutum ya mai da kansa likita, ya ga awo ya yi kyau ya daina magani, ko ya ga ya hau ya ninka ƙwaya, alhali kyawun awon daga maganin yake, kuma da an daina zai koma inda ya fito. Na biyu shi ne yawan aunawa, inda mai fargaba zai auna, ya ga lamba ta ɗan hau, hankalinsa ya tashi, ya sake aunawa ya ga ta ƙara hawa saboda tashin hankalin. Wanda jininsa ya daidaita ba ya buƙatar awo kullum, 'yan lokuta a mako ko mako guda cikakke kafin ganin likita sun wadatar, sai fa idan an sauya masa magani.

Dole kuma a fito fili a faɗi cewa wannan na'ura ba ta gano bugun zuciya. Bugun zuciya na faruwa ne idan gudan jini ya toshe ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya, kuma a wannan hali awon jini na iya fitowa sama, ko ƙasa, ko ma daidai. Wanda ya ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, musamman idan yana yaɗuwa zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, tare da gumi ko tashin zuciya ko sarƙewar numfashi, asibiti zai nufa nan take, kada a ɓata lokaci wajen neman ɗamara, domin duk mintin da ya wuce wani sashe na tsokar zuciya ke mutuwa. A wurin mata da tsofaffi da masu ciwon suga, alamun kan zo a ɓoye, kamar kasala mai tsanani ko ƙarancin numfashi ba tare da ciwon ƙirji sosai ba. Haka nan karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa a ɓari ɗaya, ko sarƙewar harshe, alamun shanyewar ɓarin jiki ne da ba sa jira. Idan kuma awo ya kai 180/120, a huta minti biyar a sake, in ya tsaya a nan a nemi likita a ranar, in kuwa akwai ciwon ƙirji ko dishin gani ko rikicewar tunani, to gaggawa ce. Ba ta kuma auna kitsen jini ko suga ko aikin ƙoda, waɗanda sai an ɗebi jini a ɗakin gwaji, kuma mutum na iya samun awo mai kyau amma haɗarinsa na da yawa ta waɗannan fuskoki.

Game da na wuyan hannu, sun fi sauƙin ɗauka kuma suna da amfani ga wanda damtsensa ya fi ƙarfin kowace ɗamara, amma sakamakonsu ya dogara ƙwarai da riƙe wuyan hannun daidai da zuciya, tunda saukar da shi da santimita 10 kawai na ƙara kusan maki 7 zuwa 8. Ga yawancin mutane ta damtse ta fi, kuma ita ƙungiyoyin likitocin zuciya suka fi ba da shawara.

Hukuncina shi ne na'urar ta cancanci saye ga duk wanda aka tabbatar yana da hawan jini, da wanda awonsa na asibiti ke kan iyaka, da mai ciwon suga ko ciwon ƙoda, da wanda iyayensa ko 'yan'uwansa suka yi fama da ciwon zuciya da wuri, matuƙar lambar samfurin na cikin jerin da aka tantance kuma ɗamarar ta dace da damtsensa. Ƙarin kuɗin da ake biya domin Bluetooth da manhaja ban ga ya zama dole ba, gara a kashe shi a kan ɗamara ta biyu idan masu amfani da na'urar sun bambanta a jiki. Mai juna biyu tana buƙatar samfurin da aka tantance musamman a kan masu ciki, yara ma haka, domin ba kowace na'ura ce aka gwada a kansu ba. Ɗamara da bututu suna tsufa kafin akwatin, manne kan saki, roba kan tsage ta riƙa zubar da iska, saboda haka a riƙa duba su, a cire batura idan za a daɗe ba a yi amfani da ita ba, a kuma riƙa kai ta asibiti sau ɗaya a shekara domin a kwatanta awonta da nasu a zama ɗaya.